La Bamba da ƙyallen da ake ƙullawa da ƙafa

Ɗiyata, saƙonki ya iso tun shekaranjiya. Na jinkirta ne don tambayar ba ta amsuwa a tsaitsaye. Kin ce kin ga bidiyon mace da namiji a Meziko suna taka rawa a kan wani dogon jan ƙyalle har suka ƙulle shi da ƙafa, kuma kiɗan da ke tashi shi ne La Bamba da kika sani a fim. Kina son sanin ko al'adarsu ce ta gaske ko wasa ne aka shirya wa 'yan kallo, da kuma yadda waƙar biki ta zama ta kowa da kowa.

Al'ada ce, kuma ta girmi duk wanda kika taɓa ji ya rera ta a faifai. Gidanta jihar Veracruz, a bakin teku ta gabashin Meziko. A tashar jiragen ruwan garin Veracruz ne Sifaniyawa suke sauke kayansu, nan kuma aka riƙa sauke mutanen da aka kwaso daga Afirka a matsayin bayi. Su da 'yan asalin ƙasar da Sifaniyawan suka cakuɗu shekaru aru-aru, kiɗan da ya fito daga wannan zama shi ake kira son jarocho. La Bamba ɗaya ce daga cikin waƙoƙinsa, kuma babu wanda zai bugi ƙirji ya ce shi ya ƙirƙire ta.

Taron da ake yin ta sunansa fandango. Ana kafa dandamalin katako a tsakar fili, su ce masa tarima, makaɗa su kewaye shi da ƙananan jita da ake kira jarana da requinto, wani lokaci da wani babban abin kiɗa mai tsirkiya da yawa, arpa. Masu rawa na hawa da takalma masu taurin dunduniya, ƙafarsu ce gangar. To a bikin aure sai a shimfiɗa ƙyallen nan a ƙasa. Ango da amarya ba su taɓa shi da hannu. Da kan takalmi suke tura shi, wannan ya lanƙwasa ɓangarensa, waccan ta zura nata, duk ba tare da sun saki takun kiɗa ba, har ƙulli ya ɗauru, sannan a ɗaga shi sama jama'a su gani. In ɗaya ya yi gaggawa ko ya shagala, ƙullin ba zai yiwu ba, abin da ake nuna wa ma'auratan ke nan a gaban dangi. Gaskiya a yau an fi ganin wannan wurin ƙungiyoyin raye-rayen gargajiya, sanye da fararen kaya, don haka mai yiwuwa abin da kika gani nuni ne. Amma daga gidan biki aka ɗauko shi.

Abin da ya ba waƙar tsawon rai, a ganina, shi ne ƙofarta a buɗe take. Amshinta sananne ne, baitocin kuwa kowane mawaƙi yana ƙara nasa nan take, ya yabi amarya ko ya tsokani aboki. Waƙar da aka saba yi wa ƙari a gida ba ta jin komai in baƙo ya ɗauke ta.

Baƙon da ya kai ta duniya yaro ne, Richard Valenzuela, wanda aka fi sani da Ritchie Valens, haifaffen Los Angeles daga iyali 'yan asalin Meziko. A 1958 ya ɗora ta a kan jita mai lantarki da gangunan rock and roll, ya bar ta da Sifaniyancinta, a lokacin da Turanci ne ke cin kasuwar faifai a Amurka. A bayan faifan waƙarsa Donna aka sa ta, wato ba ita aka sa wa rai ba. Ranar 3 ga Fabrairu 1959 ya rasu a haɗarin jirgin sama a jihar Iowa tare da mawaƙi Buddy Holly, Valens yana da shekara 17. Har yau in na tuna shekarunsa sai jikina ya yi sanyi, bai ma kai ƙaninki ba.

A 1987 Luis Valdez ya shirya fim kan rayuwarsa, ya sa masa sunan waƙar, Lou Diamond Phillips ya fito a matsayin yaron. Ƙungiyar Los Lobos ce ta sake rera ta domin fim ɗin, ta kuma hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka da Birtaniya. Nasu na fara ji, a kaset, a rediyon da nake ajiyewa kan taga. Abin da ya kama ni yana can ƙarshe: jitar lantarki ta yi shiru, sai tsirkiyoyi zalla suka karɓa da sauri irin na Veracruz. Na riƙa mayar da kaset baya da biro don in sake jin wurin, daga nan na fara bin diddigin asalinta. A 1988, maimakon Los Lobos su bi inda kuɗi yake, sai suka fitar da faifai na kiɗan gargajiyar Meziko, La Pistola y El Corazón. Wannan ya ƙara musu daraja a idona.

Abin da ba na jin daɗinsa shi ne yadda da yawa ke ɗauka Valens ne ya ƙirƙire ta. Ya yi mata hidima babba, amma ta manoma da masunta da makiyayan Veracruz ce. In za ki tura wa ƙawayenki bidiyon, ki rubuta sunan wurin a ƙasansa. Ki kuma nemi ta Los Lobos ki saurara har ta ƙare, kada ki tsayar a tsakiya.

Ki gaishe min da mamanki.