Yaya, ga abin da ya sa muke rataya labule mai ratsi a Garwa

Yaya, kin tambaye ni ko mu Hausawan Garwa ta ƙasar Kamaru mun daina jin kunyar idon waje ne, tunda kin ga hotunan jeren amare daga nan, tagar falo babu labule mai nauyi, sai wani miƙaƙƙen yadi mai ratsi-ratsi da haske ke bi ta cikinsa. Kika ce kina son sanin gaskiyarsa kafin ki shiga Kantin Kwari sayayyar kayan ɗakin ɗiyarmu. Wallahi ba mu daina ba. Neman sutura ne ma ya kai mu gare shi. Sai dai yana da lokacin da yake rufa asiri da lokacin da ba ya yi, kuma ba kowane mai shago ne zai gaya miki na biyun ba.

Gidan da kakanninmu suka gina da fatauci ya sauke su a bakin kogin Binuwai irin naku ne na cikin birni: zaure, doguwar katanga, tsakar gida. Fulanin garin ma haka tsarin gidansu yake. Tagar ɗakin ƙasa 'yar huda ce can kusa da rufi, babu mai leƙawa. Ƙofar ɗaki kuwa asabari ake sakar mata, na ciki yana hango mai giftawa ta tsakanin tsinkayen, na waje ba ya ganin komai, iska kuma tana shiga abinta. Yau 'ya'yanmu suna tarewa a gidajen haya na siminti a unguwannin Rumde Ajiya da Jambutu, manyan tagogi suna fuskantar titi, maƙwabci ya ɗora bene yana hango ki har kan tabarmarki. Aikin da katanga take yi a da, labule aka bar wa.

Sannan ga zafi. Kuna kuka da bazarar Kano, mu kuma a kwarin kogi muke zaune, a Maris da Afrilu ma'auni yakan haura digiri 40. Akasarin wutarmu daga madatsar Lagdo take zuwa, idan ruwa ya ja baya da rani akan shiga rabonta unguwa-unguwa. Matar da labule mai kauri kaɗai gare ta tana tsakanin abu biyu da azahar: ta sake shi ta zauna cikin duhu tana gumi, ko ta yaye shi duk mai babur ɗin da ya gifta ya gan ta ba kallabi. Wannan ne ya sa matan nan suka karɓi mai ratsin hannu bibbiyu.

Yadi ɗaya ne aka ninka biyu, gaba da baya, ya sauko daga wani akwati siriri da ke saman taga, ya zagaye sandar da ke ƙasa, ya koma. A jikinsa ratsi iri biyu suke bin juna, ɗaya mai kauri, ɗaya raga-raga, kuma mai kaurin ya ɗan fi faɗi don ya iya rufe ɗan uwansa sarai. Idan kika ja sarƙar da ke gefe, na gaba yana zamewa a kan na baya. Raga ta haɗu da raga, haske ya shigo layi-layi, kina ganin titi. Ki ƙara ja kaɗan, mai kauri ya zauna a kan raga, taga ta rufe. Ki ci gaba da ja, ya naɗe gaba ɗaya ya shige akwatinsa. Daɗinsa a tsakiya yake: ki bar tsaga kamar faɗin yatsa, ki yi tilawa ko ki tsince shinkafa ba tare da fitila ba, wanda ke waje kuma ba ya tantance komai, domin rana ta fi ɗakinki haske.

Da magariba al'amarin ke juyawa. Kina kunna ƙwai, ɗaki ya fi waje haske, ke ba kya ganin kowa, kowa yana ganinki ta ragar nan. Ko kin rufe shi, idan ratsin mai kaurin na arha ne, inuwarki za ta fito a jikinsa, a gane mai tsaye da mai sunkuye. Ga kuma tazara a gefe da gefe, don yadin bai kai faɗin akwatin ba. Malaman unguwa suna yawan tuna mana hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa saboda gani aka sanya neman izini. Aya ta 58 a Suratun Nur kuma ta ambaci lokuta uku na tsiraici da hatta yaran gida sai sun nemi izini: kafin sallar asuba, da tsakar rana in an ajiye tufafi, da bayan isha. Biyu daga cikinsu a duhu suke. Don haka a nan ba ma yarda da shi shi kaɗai a uwar ɗaka. A falo da ɗakin karatun yara muke sa shi. Wadda ta dage sai ya shiga ɗakin kwananta, za ta ɗora masa labule mai kauri a kai, a riƙa ja da zarar an kira magariba. Gwaggonninmu ranar jere ba sa ma ƙirga ɗaki ya haɗu sai sun ga labule mai kaurin ya sauka har ƙasa, kuma a ganina suna da gaskiya.

Idan za ki saya, ki haska fitilar wayarki ta bayan ratsin mai kauri tun a shago. In kin ga hasken ya fito tarwai, haka fitilar ɗaki za ta yi da dare.

Awo yana ba mutane wahala a nan saboda irin tagoginmu. Gidaje da yawa suna da masu gilashi falle-falle da muke kira nako, kuma idan an buɗe su gilasan da hannun buɗewar suna turowa ciki. Duk wanda ya kafa labulen a cikin ramin taga zai ga gilashi yana gogar yadin har ya ci shi. Gara a kafa shi a bango, sama da taga, a bar shi ya wuce ta da kamar santimita 10 kowane gefe, wanda hakan kuma yake toshe tazarar da na gaya miki. In tagar ta almini ce mai zamewa kuma ramin yana da zurfi, a auna faɗin sama da tsakiya da ƙasa a ɗauki mafi ƙanƙanta, don da wuya magini ya bar miki taga daidai wa daida. Tagar yamma, wadda ranar la'asar ke duka, ki sa mata mai launin madara ko ruwan ƙasa mai haske. Baƙi da ruwan toka mai duhu suna da kyau a hoto, amma suna shan zafi su juye shi cikin ɗaki. Fari fat kuma hunturu ɗaya ya ishe shi.

Ƙura ce babbar abokiyar gabarsa, kuma taku ba ta gaza tamu ba. Ba a cire shi a kai wa mai wanki, ba a cuɗa shi, in ya karye a ninki ya karye ke nan. Ana sauke shi ne a goge da busasshen tsumma mai laushi, tabo kuma a dangwala masa ruwa da ɗan sabulu. Kicin kam kada ya shiga, maiƙon suya da hayaƙi suna kama ragar. Da hadari ya taso a farkon damina sai a naɗe shi sama ko a rufe taga, in ba haka ba iska za ta yi ta buga sandar ƙasan da ƙarfen taga har yadin ya karkace.

Sarƙar nan kuma, Yaya, don girman Allah a ɗaure ta a bango, sama da inda hannun yaro zai kai. Zagayayya ce, yaro mai ƙiriniya yana iya zura kansa ciki ta shaƙe shi. Kada a ajiye gadon jariri ko kujera a ƙarƙashinta.

Garwa garin auduga ne, a nan hedkwatar Sodecoton, kamfanin audugar Kamaru, take, amma labulen nan ba saƙarmu ba ne. Zaren roba ne, akasari daga Sin ko Turkiyya, ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala kafin ya hauro arewa. Na atamfa ko na yadi in ya yage telan unguwa zai kama miki shi kafin la'asar. Wannan kuwa in ɗan injin da ke cikin akwatin ya ci, sai an sami irinsa. Ki tambayi mai shagon ko yana ajiye sarƙa da injin na canji, ko kuma yana da yaron da ke zuwa gida gyara, tun kafin ki biya kuɗi.