Shin Sa'a Tana da Gurbi a Gasar Ces?

Tambaya: Malam, muna buga ces a Aboabo, Kumasi, kuma gardama ta ƙi ƙarewa a tsakaninmu. Wasu sun dage cewa wanda ya fi gwaninta shi ke lashe gasa kullum, balle a gasar kwamfutoci. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, a kan allon kansa babu sa'a, domin ba a jefa ƙwaya kamar a ludo, kuma komai a fili yake gaban 'yan wasan biyu. Sa'a tana shigowa ne ta tsarin gasa da ƙarancin wasanni. Mai riƙe da farare yana da ɗan fifiko saboda shi ke fara motsi, kuma a gasar zagaye tara wani zai riƙe su sau biyar, wani sau huɗu. A lissafin Elo, wato tsarin makin da ake auna ƙarfin 'yan wasa da shi, wanda ya fi abokin karawarsa da maki 200 ana sa ran ya kwashe kusan kashi 76 cikin ɗari na sakamakon ne kawai, don haka a gajeruwar gasa ƙarami yana iya kayar da babba.

A wajen mutane, lokacin da kuskure ya faɗo shi ne babban al'amari. A gasar zakaran duniya a Singafo a 2024, Ding Liren, mai riƙe da kambun, ya yi kuskure a motsi na 55 na wasan ƙarshe, wanda ke shirin tashi canjaras, abokin karawarsa Gukesh ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 18. Ba na rage wa Gukesh komai, domin shi ya ci gaba da matsa lamba, amma da kuskuren ya zo a wasan farko, da Ding ya sami damar ramawa. A 1983 ma, da manyan 'yan wasa Smyslov da Hübner suka yi kunnen doki a garin Velden na Ostiriya, da faifan caca aka raba su.

Kwamfutoci ba sa gajiya ko firgita, sai dai idan manhaja tana bincike da ƙwaƙwalwa da yawa a lokaci guda, tana iya zaɓar motsi daban a matsayi ɗaya. Shi ya sa a zagayen ƙarshe na TCEC, wata gasar ces ta kwamfutoci, ake buga wasa 100, ana maimaita kowane buɗi, wato motsin farko-farko na wasa, sau biyu tare da musayar launi. Duk da haka, a 2019 manhajar Stockfish ta doke manhajar Leela da 50.5 da 49.5 kacal, kuma a ganina irin wannan tazara ba ta isa ta nuna wadda ta fi ƙarfi ba.