Ku Tambayi Kawu: kwanan otal a bakin ruwan Legas

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon saƙonni uku ne suka shigo kan magana ɗaya kamar an haɗa baki, duk kan manyan otal ɗin nan na bakin ruwa a Legas, shi ya sa na ce bari in haɗe su wuri guda. Masu tambayar kuɗin haya da rigimar gado ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Salam Kawu, ina wuni ya iyali. Ni ɗan kasuwa ne a Jega ina harkar shinkafa, in sha Allahu bayan ƙaramar salla za a ɗaura mani aure, toh yarinyar tun muna zance take cewa ita burinta a duniya ta ga teku da idonta, ni kuma na yi suɓutar baki na ce zan kai ta Legas mu kwana a otal ɗin nan na bakin ruwa, yanzu ta riƙe maganar gam ko yaushe sai ta tuna mani. Legas na san ta amma iyakata Mile 12 da Agege, ban taɓa taka irin wanga wuri ba. Don Allah mi ya kamata in sani kar in je in ji kunya gaban amarya. Daga ango a Jega.

Amsa: Wa'alaikumus salam ango, Allah ya sanya alheri ya kawo zuri'a ɗayyiba. Ai alkawari kaya ne, tunda ka ɗauka sai ka sauke. Amma kalmar da ka rufe saƙonka da ita, wato kunya, ita ce za ta fi cin kuɗinka a can, ba otal ɗin ba. Mu mutanen nan muna da wata ɗabi'a, in muka shiga wuri mai ƙyalƙyali sai bakinmu ya mutu, duk abin da aka miƙo mana sai mu ce toh na gode, kar a ce ba mu waye ba. Ni kaina haka ta faru da ni karon farko da ofis ya tura ni taro can. Yarinyar da ke risefshan ta ba ni katin ɗaki, na hau lifta ina ta murna zan ga teku, ina yaye labule sai ga ni ga janareta, wani ƙato kamar kwantena, yana ta gurnani har asuba. Kwana biyu na yi a haka ban ce uffan ba, sai rana ta uku abokin tafiyata ya ce wai me ya hana ka ce su canza maka, ya je ya yi magana minti biyar ba a yi ba aka mayar da ni ɗaya ɓangaren. Kwana biyu na yi asara saboda nauyin baki kawai.

Don haka abu na farko, otal ɗin bakin ruwa ba kowane ɗakinsa ne ke kallon ruwa ba. Gini fuska biyu gare shi, wata na kallon ruwa wata na kallon titi ko wurin ajiye motoci, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Tun a waya ko a intanet ka faɗa musu ƙarara kana son ɗaki mai kallon ruwa, a hawa na sama, su turo maka a rubuce ta WhatsApp ko imel, ka ajiye.

Sannan ka san wane ruwan ne, don ruwan Legas iri biyu ne kuma amarya teku ta ce. Akwai lagun da rassansa, wanda yake kwance kamar babban gulbi, irin wanda za ka gani daga Radisson Blu da ke titin Ozumba Mbadiwe, kana hango Ikoyi a ƙetare da jiragen ruwa ƙanana suna wucewa. Akwai kuma ainihin tekun Atlantika mai igiya da ruri. Federal Palace da ke titin Ahmadu Bello Way yana wajen mashigar da manyan jiragen kaya ke bi su nufi tashar Apapa, tsohon otal ne mai tarihi, a cikinsa aka sa hannu kan takardar 'yancin kan Najeriya a 1960. Eko Hotel kuma, wanda aka buɗe a 1977, daga benayensa na sama ana hango teku, amma fa Bar Beach ɗin da iyayenmu ke ba da labari babu shi yanzu, an cike wurin da yashi ana gina sabon gari mai suna Eko Atlantic. Kar ka yi mata alkawarin za ku sauko daga ɗaki ku taka yashi da ƙafa, in tana son haka sai kun ɗauki mota kun nufi wajen Elegushi a Lekki, kuma ana biyan kuɗin shiga.

Maganar kuɗi kuwa, kai ɗan kasuwa ne ba sai na koya maka lissafi ba, amma farashin da ka gani a allo sau da yawa ba shi ne za ka biya ba. Akwai harajin VAT kashi 7.5 cikin 100, akwai na gwamnatin jihar Legas kashi 5 da take ɗorawa kan otal da gidajen abinci, wasu kuma su ƙara kashi 10 na hidima. A ce ɗakin 100,000 ne don sauƙin lissafi kawai, in duka ukun suka hau ya koma 122,500 kenan, ka ninka sau kwanakin. Ka tambaya, wannan kuɗin da haraji a ciki ko babu, da karin kumallo na mutum biyu ko babu. Ba ƙauyanci ba ne, Turawan da ke kwana a wurin sun fi kowa wannan tambayar. Za su kuma iya riƙe wani kuɗi a katinka na ajiya ko da za ka ci wani abu a ɗaki, in ba ka taɓa komai ba su mayar, sai dai wani lokacin yakan ɗauki kwanaki kafin ya dawo, don haka kar ka je da kuɗi cif-cif. Ka tafi da katin shaida naka da nata.

Lokaci ma ka duba. Galibi sai ƙarfe 2 ko 3 na rana suke ba da ɗaki, fita kuma 12 na rana. In jirgi za ku hau daga filin Sir Ahmadu Bello na Ambursa ko na Sakkwato ka bincika ko sai kun biya ta Abuja, kuma daga filin jirgin Ikeja zuwa Victoria Island galibi ana bin gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12, in kun faɗa gosilon yamma kuna iya shafe awa biyu a mota amarya ta gaji tun ba ta ga komai ba. Ni da ni ne ba zan sa amarya a motar dare ta Yawuri, Kontagora, Mokwa, Jebba har Ilori ba, wannan hanyar ta masu buhu ce irinku. Ka guji watan Disamba, gari cike yake farashi ya hau sama, Yuni da Yuli kuma ruwan sama ne ba ƙaƙƙautawa, titunan unguwar su cika da ruwa, tagar da ka biya kuɗi dominta ba abin da za ka gani sai hazo.

Shawarata, kwana biyu ya isa. Kuma ku tashi da asuba, bayan kun yi salla ku ja kujera bakin taga ku kashe esi. Ni abin da ya tsaya mani a rai ba gadon ba ne ba kuma abincin ba, wani masunci ne na gani shi kaɗai a ɗan kwalekwale yana jefa koma daidai lokacin da gari ke wayewa, ga wani jibgegen jirgin kaya na wucewa ta bayansa, shi ko a jikinsa, sai na ga kamar a Yawuri nake.

Tambaya: Kawu barka da aiki. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a Gusau, an zaɓe ni zuwa taron kwana uku a Legas kuma masu taron ne za su biya otal, wai a bakin ruwa yake. Maigidana ya amince amma ni hankalina bai kwanta ba, ance a ɗakunan akwai giya, bayan gidansu babu buta, ban san inda alƙibla take ba, ga maganar abinci kar in ci abin da bai halatta ba. Ya zan yi? Daga 'yarka a Tudun Wada, Gusau.

Amsa: 'Yata Allah ya yi miki albarka, ya ƙara ɗaukaka. Duk abin da aka faɗa miki akwai ƙamshin gaskiya amma babu wanda ya fi ƙarfin magana. Ɗan ƙaramin firij ɗin da ke ɗaki, eh wasu otal ɗin suna zuba giya a ciki tare da lemo da ruwa da cakulan, ki ɗaga wayar ɗaki ki ce su zo su kwashe, ko tun a risefshan ki faɗa kafin ki hau, sun saba jin haka. Kuma ki sani duk abin da ke cikinsa na sayarwa ne da tsada ta fitar hankali, masu taro kuwa ɗaki da abinci kawai suke biya. Ni na taɓa cinye kashu gwangwani biyu ina cewa kai mutanen nan akwai karamci, ranar tafiya aka miƙo mani takarda a gaban mutane, kuɗin da na biya da a kasuwar Birnin Kebbi ne da kwano guda zan auno. Ruwan roba da suke ajiyewa a kan tebur tare da shayi shi ne yawanci kyauta, shi ma ki tambaya.

Buta ki sa ƙarama a jakarki ki huta, ba wanda zai ce miki don me. In kin manta, robar ruwa ta wadatar. Ki tafi da dardumarki. Alƙibla daga Legas gabas ce da karkata zuwa arewa, karkatar ta ɗan fi ta nan gida, manhajar waya za ta nuna miki, in ta rikice ki tambayi ma'aikata, da wuya a rasa Musulmi a cikinsu, Yarbawa ne da yawa, masu gadi ma sau tari 'yan Arewa ne. Tunda kwana uku ne ba ki yi niyyar zaman kwana huɗu ba, a mazhabar Malikiyya kina da damar yin ƙasaru, ki ƙara tuntuɓar malaminku kafin ki tashi. Ba lallai ki ji kiran salla daga ɗaki ba, tagogin a toshe suke ruf, ki saita ƙararrawa, kuma lokutan sallar can sun ɗan bambanta da na Gusau.

Wurin abinci a jere suke ajiyewa kowa ya ɗiba, da ɗan kati gaban kowane mazubi. Inda za ki yi hattara shi ne karin safe, wajen tsiran Turawan nan da siraran yankan nama da ake soyawa, sau da yawa alade ne, ki tambayi mai dafawa kai tsaye. Wasu kek da miyar Turawa ana ɗiga musu giya. In zuciyarki ba ta natsu ba ga kifi ga ƙwai ga shinkafa da doya. In kewar gida ta dame ki Obalende ba nisa, 'yan uwanmu ne ke gasa tsire a wurin, amma ki tafi da abokiyar tafiya, ki kira mota ta Bolt ko Uber daga ƙofar otal. Da dare ki sa sarƙar ƙofa, wanda ya ƙwanƙwasa ya ce ma'aikaci ne alhali ba ki kira kowa ba, ki buga risefshan tukuna.

Tambaya: Kawu ni Bakabe ne ɗan Argungu, gidanmu gidan masunta ne, tun ina shekara bakwai nake nutso a gulbin Matan Fada. Ogana zai tafi da ni Legas mu sauka otal kusa da teku. Abokaina sun ce in ban shiga teku na yi masu bidiyo ba kar in dawo. In shiga?

Amsa: Kar ka shiga ɗana. Na san ku, na tsaya a bakin Matan Fada na ga yadda kuke faɗawa ruwa da homa da gora ku fito da giwan ruwa wanda ya fi ku nauyi, bikin kamun kifin da tun 1934 ake yin sa, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, ba mai raina ku. Amma gulbi gefe ɗaya yake tafiya kuma ka san halinsa, teku kuwa turo ka yake ya kuma janye ka ta ƙasa, yashin da kake tsaye a kai sai ka ji yana zarewa daga ƙarƙashin ƙafarka, akwai wuraren da ruwan ke komawa ciki da gudu kamar an buɗe kwata, gwanin iyo ma in ya ce zai yi kokawa da shi gajiya zai yi. Gaɓar Legas ta yi suna wajen cin mutane. Ruwan lagun na bayan otal shi kuma ba tsabta, ga jirage masu inji suna kai da kawowa.

In dole sai ka jiƙa jiki, otal ɗin na da kwamin wanka, ka sayi gajeren wandon iyo don ba za su bar ka ka shiga da dogon wando da singileti ba, kuma ka je da sassafe kafin a cika, don shigar da ake yi a wurin da rana ba ta idonka ba ce. Bidiyon kuma ka tsaya inda ruwa ke taɓa idon sawu ka ɗauka, fuskarka na kallon igiyar kar ka ba ta baya. Ka ɗebo masu ruwan a roba su ɗanɗana gishirin, in sun ce ba su yarda ba ka ce su zo su same ni a Birnin Kebbi.