Fondu mai ɗanɗanon cizkek: abin da ke tsinka shi da yadda ake haɗa shi ya yi sumul

Assalamu alaikum. 'Yar uwa, kin ce kin zuba kirim ciz, wato farin cuku mai laushi, da madara da sukari a tukunya kin ɗora a wuta don ki yi fondu, wato haɗi mai ɗumi da ake tsoma abin ci a ciki, mai ɗanɗanon cizkek, kek ɗin da ake yi da kirim ciz, sai ya fito da gudaji, mai kuma ya taso sama, ga shi kina da baƙi takwas ranar Asabar. Kayanki ba su da laifi, wutar ce ta yi masa yawa. Shi wannan haɗin ɗumama shi kawai ake yi, da zarar ya tafasa to ya tashi daga aiki.

Ga dalili. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kirim ciz mai ne, sauran ruwa ne da furotin ɗin madara, kuma yana da ɗan tsami tun daga masana'anta domin kamar kindirmo ake kwantar da shi. In tsami ya haɗu da zafi mai ƙarfi, furotin ɗin ya kan takure ya matse ruwa da man da yake riƙe da su. Abin da ke faruwa ke nan in an zuba ruwan tsami a tafasasshiyar madarar waken suya za a yi awara. A can ana so ya tsinke, a nan kuwa shi ake gudu. Gudajin kuma na iya zuwa ta wata hanyar: in kin ciro kirim ciz daga firij kin jefa shi cikin ruwa-ruwa da sanyinsa, sai ya farfashe ƙanana-ƙanana yana yawo, ko kin kwana kina burgawa ba zai haɗe ba.

Asalin fondu na mutanen Siwizalan ne, inda suke narkar da cuku irin Gruyère da farar giya su riƙa tsoma burodi. Na zaƙi daga baya ya zo, na cakulan ya yi suna a birnin New York a shekarun 1960. Wannan na cizkek babu giya a cikinsa. Abu biyu kawai za ki duba a jikin kwali: ruwan banila na asali da barasa ake jiƙo shi, don haka ki nemi na gari ko wanda aka rubuta babu barasa, sannan girke-girken Amurkawa da yawa suna sa mashmalo, alewar nan mai laushi kamar soso, wanda galibi da jelatin ake yi, wani jelatin kuma na alade ne. Ba ma kya bukatarsa.

Ki tsaya ki zaɓi kirim ciz ɗin da kyau. Wanda ya fi shi ne mai cikakken mai, na curi, irin Philadelphia da ake naɗewa a takardar azurfa, kowane curi giram 226. Na roba wanda ake shafa wa burodi ma yana yi, sai dai ya fi laushi, don haka ki rage kirim ɗin da za ki zuba da kamar cokali uku. Wanda aka rage wa mai kuwa ki bar shi a kanti, shi ya fi kowanne saurin tsinkewa. Masu kusurwa uku irin La Vache qui rit da na kwalba irin Puck suna narkewa lafiya lau, amma gishirinsu zai rinjayi zaƙin, ki ji kamar miyar taliya aka sa wa sukari. In dole ce ta sa, kada su wuce kashi ɗaya cikin uku na cukun, kuma kada ki ƙara gishiri.

Na mutum takwas, ki tanadi kirim ciz giram 450, wato curi biyu. Kirim na ruwa irin wanda ake bugawa, mara sukari, mililita 180. Sukarin aisin giram 80. Kwanfulawa ƙaramin cokali biyu. Banila ƙaramin cokali ɗaya. Kankararren ɓawon lemun tsami guda ɗaya da ruwansa ƙaramin cokali biyu. Sai gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka. Kwanfulawa nake nufi, farin sitacin nan mai santsi, kada a ɗauko garin masarar tuwo. In babu, garin kastad zai maye gurbinsa tunda shi ma sitacin masara ne aka sa wa kala da ƙamshi, sai dai fondu ɗin zai fito rawaya-rawaya. In kirim ya yi tsada, madarar gwangwani ta ruwa irin Peak tana yi, mililita 150. Mai son madara mai kauri mai zaƙi ta sa rabin gwangwanin nan na giram 397, ta cire sukarin gaba ɗaya, ta rage kirim zuwa mililita 100.

Ki ciro kirim ciz daga firij awa ɗaya kafin ki fara, da zafin bazara rabin awa ya isa. Alamar ya yi shi ne ki danna da yatsa ya lotsa babu gardama. Ki sa shi a kwanon silba ko na tangaran, ki tankaɗe sukarin a kai, ki buga su su biyu kawai har ya zama kamar man shanu mai laushi, ki kankare gefen kwanon ki sake bugawa. Duk gudajin da kika bari a wannan mataki da shi za ki kai wa baƙi.

Sai ki dama kwanfulawa da cokali uku na kirim mai sanyi, ki juye cikin sauran kirim ɗin a ƙaramar tukunya, ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa. Da ya fara ƙananan kumfa a gefe ki ba shi minti ɗaya, zai yi kauri kamar kunu, ki sauke. Wannan ne kaɗai abin da zai ga wuta kai tsaye. Ana dafa sitacin daban ne saboda sai da zafi sosai yake nuna, zafin da cukun ba zai jure ba. In kuma bai nuna ba za ki ji gari-gari a harshe. Aikinsa shi ne ya shiga tsakanin furotin ɗin ya hana su dunƙulewa, shi ya sa haɗin da ke da shi yake jure awa guda a kan kyandir.

Ki bar kirim ɗin ya sha iska minti biyu, sannan ki zuba shi kan cukun sau uku, kina burgawa har kowane kashi ya ɓace kafin ki ƙara na gaba. Yanzu ki zuba ruwa kamar tsawon gaɓar yatsa biyu a tukunya, ya yi zafi yana tururi amma ba ya tafarfasa, ki ɗora kwanon a bakin tukunyar ta yadda gindinsa ba ya taɓa ruwan. Ki yi ta juyawa minti biyar zuwa takwas. Mai ma'aunin zafi ta tsaya a digiri 60. Mara shi ta lura da ɗan tururi siriri da ke tashi in ta ɗaga maburgi, haɗin yana sheƙi, babu kumfa ko ɗaya. Ki sauke, sannan ki sa banila, ɓawon lemun, gishiri, ruwan lemun tsami kuma a ƙarshen ƙarshe. In kin sa shi tun a kan wuta kin koma maganar awara. Wajen kankare ɓawon ki tsaya a fatar sama, farin da ke ƙasa ɗaci ne da shi.

Kaurin da ake so: ki tsoma yankan ayaba ki ɗaga, ya lulluɓe ta, ya ɗiga sau ɗaya ko biyu ya tsaya. In yana zuba kamar koko ya yi ruwa, ki ƙara kirim ciz mai laushi giram 50. In ayabar ta maƙale ta ƙi fitowa, ki saki haɗin da madara mai ɗumi cokali-cokali. Ki tuna yana ƙara kauri yayin da yake hucewa, gara ki kai shi tebur da ɗan sakinsa.

Idan ya tsinke duk da haka, ki sauke nan take, ki zuba kirim mai sanyi cokali biyu ki burga da ƙarfi. In bai dawo ba ki juye a bilenda ki kunna daƙiƙa talatin, ki tace da rariya mai laushi. Yawanci yana haɗewa. Wanda ya kama ƙasa kuwa kada ki kankare, ki juye na saman a wani kwano ki ɗanɗana. In ƙauri ya riga ya shiga, babu banilar da za ta ɓoye shi.

Abin da ke sa a ji lallai cizkek ake ci shi ne garin biskit. Amurkawa da nasu biskit na giraham suke yi, biskit ɗin daijestib kuma kusan daidai yake da shi. Ki daka guda takwas, kada ya yi laushi kamar gari, ki soya da bota giram 40 da sukari cokali ɗaya da ɗan kirfa, minti uku zuwa huɗu, har ƙamshi ya tashi. Ki baza a faranti ya huce, ki kai shi a kwanonsa daban. Mutum ya tsoma 'ya'yan itace a fondu sannan ya dangwali garin. In kin zuba shi cikin tukunyar zai jiƙe ya zama dame cikin minti goma.

A kayan tsomawa, sitiroberi ne kan gaba saboda ɗan tsaminsa na yanke ginsa, kuma da sanyin hunturu ana samun na Jos da sauƙi. Tuffa, inibi, ayabar da ba ta nuna lugub ba, mangwaro mai ƙarfi, dabino da aka cire wa ƙwallo, duk suna tafiya. Tuffa da ayaba ki yanka su dab da ci, ki ɗauraye tuffar da ruwa mai ɗan lemun tsami kada ta yi baƙi. Komai ki tsane shi da tawul sarai, domin haɗin ba ya kama jiƙaƙƙen abu, zamewa yake, ruwan kuma ya taru ya sirka tukunyar. Kankana saboda haka ba ta dace ba. Ɗanyar abarba da gwanda da kiwi suna da sinadarin da ke narkar da furotin ɗin madara, ana iya tsomawa a ci nan take, amma in yanka ya faɗa ciki ki tsamo shi da wuri, in ya daɗe zai kawo ɗaci. Kek ki yanka murabba'i ki ɗan gasa ya bushe a waje, in ba haka ba zai marmashe a ciki. Ki ajiye wani abu mai gishiri a gefe, ko da biskit ne, baki zai nema.

Riƙe ɗumin a tebur shi ne sauran aiki. Tukunyar fondu ta tangaran mai ɗan guntun kyandir a ƙasa ita ta dace; ta ƙarfe mai murhun sifirit ta cukun burodi ce da mai, zafinta zai ƙona wannan. Ko kyandir ɗin ma tsakiya ɗaya yake dafawa, sai a riƙa juyawa har ƙasa duk bayan minti biyar, wanda kuma ke hana shi yin yana a sama. Ki ɗauraye tukunyar da ruwan zafi ki goge kafin ki juye, kada sanyinta ya daskarar da shi. In ba ki da ita, tukunyar shinkafa ta lantarki tana yi: ki zuba ruwan zafi a ciki, ki bar ta a kan maɓallin ɗumi, ki zaunar da kwanon a ruwan. In an ɗauke wuta, ƙaramar kula da aka ɗumama da tafasasshen ruwa za ta riƙe shi wajen rabin awa.

Kowa ki ba shi tsinken tsire biyu da ɗan faranti, abin da aka gatsa kada ya koma tukunya. Yara ki ɗiba musu a ƙananan kofuna nesa da kyandir. Da zarar ya huce, kada ya wuce awa biyu a waje, da tsananin zafi kuma awa ɗaya.

Kina iya haɗa shi tun ranar Juma'a, ki ɗora leda a fuskarsa ta taɓa shi, ki sa a firij. Zai daskare, kada ki damu. Ranar Asabar ki mayar da kwanon kan ruwan zafi da madara cokali biyu, ki jira gefen ya fara saki kafin ki soma burgawa. Firiza dai kada ya shiga, in ya narke tsaki-tsaki yake yi.