Ga ƙanwarmu da take son ajiye adabi da tarihi ta riƙe kimiyya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na karanta tambayarki har ƙarshe. Kin ce kina ajin ƙarshe na sakandare, burinki likitanci. Lissafi da kemistiri da bayoloji ba sa ba ki wahala, amma adabi da tarihi da zane sun tsaya miki a wuya, kina karanta su kamar yadda kike karanta sauran, sakamako kuma ba ya fitowa. Shi ne kike tambaya ko ki yi musu karatun a-dai-tsallake, ki ba kimiyya sauran lokacin. Na daɗe ina koyarwa a sakandare, na kuma sha zama a kan takardun jarrabawa ina ba da maki, don haka bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Kada ki ajiye su. Ba kuma zan ce ki ƙara musu awoyi ba, domin ba lokaci ne ya yi miki kaɗan ba. Ke da bakinki kin faɗi inda gizo yake saƙa: kina karanta su kamar yadda kike karanta sauran. Kowane darasi da abin da yake nema a wurin ɗalibi, kuma mafi yawan yaran da na ga sun faɗi wani darasi ba rashin ƙwaƙwalwa ne ya kayar da su ba, sun kai masa abin da bai tambaya ba ne.

Kimiyya tana so ki kama ƙa'ida ki ɗora ta a kan abin da ba ki taɓa gani ba. Haka Mendeleev, masanin kemistiri ɗan Rasha, ya yi a 1869, da ya jera sinadaran da aka sani a zamaninsa bisa nauyinsu da halayensu, ya bar gurabe ba kowa, ya ce akwai masu zuwa, har ya siffanta su. A 1875 aka gano galiyom, ya zo ya zauna a gurbin da aka tanadar masa. Wannan irin tunani kin iya shi, ba sai na tsaya a kansa ba. A irin wannan darasi, ɗalibai biyu da suka yi aiki daidai a amsa ɗaya za su haɗu.

Adabi ba haka yake ba. Ɗalibai biyu za su iya saɓawa a kan waƙa ɗaya kowa ya ci maki mai kyau, na uku kuma ya faɗi gaskiya tsantsa ya tashi da kaɗan, saboda bai nuna inda ya samo ta ba. Ga abin da nake yawan gani a takarda: "Jigon wannan waƙa shi ne haƙuri. Mawaƙin ya yi amfani da salo mai jan hankali da kalmomi masu ma'ana." Babu ƙarya a ciki. Amma ana iya ɗaukar jimlar nan ta biyu a manna a ƙarƙashin kowace waƙa a duniya ta zauna daram, kuma mai maki ya san haka. Abin da yake jira shi ne ki ce masa: ga abin da na gani, ga baitin da na gan shi a ciki, ga dalilin da ya sa kalmar nan ta fi wata nauyi a wannan wuri. Da'awa, hujja, bayani. Ashe ba haka kike rubuta rahoton gwaji a kemistiri ba? Bambancin kawai, a nan waƙar ce kayan gwajinki.

To, ta yaya ake samo hujjar? Ki karanta waƙar da murya, ba da ido kaɗai ba, domin don kunne aka yi ta. Karon farko kada ki nemi komai, ki saurara kawai. Karo na biyu ki ɗauki fensir ki ja layi ƙarƙashin kalmar da take ta dawowa, ki sa alama a inda murya ta juya, daga yabo zuwa zargi, ko daga "ni" zuwa "ku". Wa yake magana? Da wa yake yi? Me ya ƙi faɗa fili, ya zagaya? A wurin da muryar ta juya, galibi nan jigon yake kwance. Sannan ki zo kan kari da amsa-amo, wanda yara da yawa ke gudu, alhali shi ne ɓangaren da ya fi kusa da ɗalibin lissafi. Khalil bin Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8, zama ya yi ya saurari waƙoƙin Larabawa ya ware gaɓa mai nauyi da marar nauyi, ya gano cewa duk yawansu a kan karuruwa 15 suke tafiya, daga baya aka ƙara na 16. Ilimin aruli ke nan, kuma tsari ne zalla. Wadda ta iya daidaita lissafin haɗuwar sinadarai, yanka baiti ba zai gagare ta ba.

Ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo kuwa, roƙona ɗaya ne: ki karanta littafin kansa. Ƙananan littattafan nan na taƙaitawa da ake rububinsu gab da jarrabawa sun cuci yara da yawa. Mai maki yana ganin jimla iri ɗaya takarda bayan takarda, har da kuskuren da mai taƙaitawar ya yi. Bayan kowane babi ki rufe littafin ki rubuta layi biyu ko uku: me tauraro yake so a nan, me ya tare masa hanya, me ya canja tsakanin farkon babin da ƙarshensa. Kafin ki kai bango kin haɗa taƙaitawarki ta kanki, kuma ita ce za ta zauna miki a kai.

Tarihi shi ne darasin da aka fi zalunta, domin an mayar da shi haddar shekaru. Shekarun suna da amfani, turaku ne da ake ɗaure labari kada ya ɓalle, amma ba don turke ake kiwo ba. Ɗauki Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kowa ya haddace cewa a ranar 28 ga Yuni 1914 aka harbe Franz Ferdinand, yarima mai jiran gadon Ostiriya da Hangari, a birnin Sarayebo. Tambayar da ke kawo maki ita ce, yaya aka yi kisan mutum ɗaya da matarsa ya jawo yaƙin shekara huɗu? Sai ki bi sarƙar. Ostiriya ta ɗora wa Sabiya laifi, ta shelanta yaƙi a kanta ranar 28 ga Yuli. Rasha, mai goyon bayan Sabiya, ta fara tara sojoji. Jamus, ƙawar Ostiriya, ta shelanta yaƙi a kan Rasha, sannan a kan Faransa, ƙawar Rasha. Don ta isa Faransa da sauri sai ta ratsa ta Beljiyam, wadda Birtaniya ta daɗe da alkawarin kare matsayinta na 'yar ba-ruwanmu, sai Birtaniya ta shigo ranar 4 ga Agusta. Idan kika zana wannan a takarda da kibiyoyi, wannan ya jawo wancan, za ki ga shekarun da ranakun sun zauna da kansu ba tare da kin yi musu hadda ba.

Akwai kuma mataki na biyu a tarihi, wanda ni a ganina shi ne zuciyar darasin: kada ki karɓi labari don kawai an rubuta shi. Masanin tarihi Ibn Khaldun, a littafinsa Muƙaddima na 1377, ya ɗauko abin da masu tarihi irin su Mas'udi suka ruwaito, cewa mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa, alaihis salam, sun kai 600,000. Bai ƙaryata kowa da zagi ba, awo ya yi. Ya ce wace ƙasa ce a wannan yanki za ta ɗauki runduna haka? Wane fili ne za su yi sahu a cikinsa, gefe ɗaya ya san abin da ɗaya gefen yake ciki? Daular Farisa da ta fi su girma nesa ba kusa ba, ba ta tara haka ba a yaƙin Ƙadisiyya da ta gwabza da Musulmi. Sannan kakanni nawa ne tsakanin Annabi Yaƙub da Annabi Musa da zuriya za ta yaɗu haka? Wannan tambaya ta "shin hakan zai yiwu?" ita ce dai wadda za ki yi ranar da sakamakon gwajin jini ya zo miki da lambar da ba ta dace da maras lafiyar da ke gabanki ba.

Zane kuma, kada ki ce ba ki da baiwa. A matakin makaranta ba baiwa ake nema ba, kallo ake koya. Ki ajiye kofi a kan tebur ki zauna ki zana shi. Hannunki zai so ya yi bakin kofin da'ira, saboda ƙwaƙwalwa ta san da'ira ne. Amma daga inda kike zaune ba da'ira idonki yake gani ba, wani siffa ne mai kama da ƙwai a kwance, kuma yana ƙara tsukewa idan kika sunkuya. Ranar da hannunki ya bi ido ya bar abin da kai ya haddace, kin fara zane. Na sha ganin yara a ɗakin gwaji sun leƙa fatar albasa a na'urar ƙara girma, sannan su zana hoton da ke cikin littafi, ba abin da ke gabansu ba. Santiago Ramón y Cajal, likitan Sifen da ya ci kyautar Nobel a 1906, tun yana yaro zane yake so ya yi sana'a. Da hannunsa ya zana ƙwayoyin jijiyoyin ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya, ya nuna cewa kowace ƙwaya zaman kanta take yi, ba raga ɗaya ba ce a haɗe kamar yadda manyan masana da yawa suka ɗauka. Har yau ana buga zanen nasa a littattafan likitanci.

Tunda likita kike son zama, ki san labarin John Snow. A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta Landan, ta kashe mutum fiye da 600. A lokacin yawancin likitoci sun yarda cewa gurɓatacciyar iska ce ke kawo ta. Snow ya bi gida gida yana tambayar inda mamatan suke ɗiban ruwa, ya sa kowace mutuwa a kan taswira, sai ga su sun taru kewaye da famfon titin Broad. Har ya bi sawun wata mata da ta rasu a unguwa mai nisa, ya tarar ashe daga famfon nan ake kai mata ruwa saboda tana son ɗanɗanonsa. Ya shawo kan hukumar unguwar aka cire hannun famfon. Sai bayan kusan shekara talatin Robert Koch, wani likita Bajamushe, ya tabbatar da ƙwayar cutar. Duba kayan aikin da Snow ya yi amfani da su: taswira daga labarin ƙasa, sanin yadda talakawan birni suke zaune daga ilimin zamantakewa, iya sauraron mutanen da ke cikin makoki, da iya tsara hujja a gaban masu mulki. Haka aikin yake a ɗakin duba marasa lafiya. Mutum zai zauna ya ba ki labari, ya fara daga tsakiya, ya tsallake abin da yake jin kunya, ya nanata abin da ba shi ne ba. Wadda ta saba tambayar "me ya ƙi faɗa fili?" a darasin adabi ta riga ta fara wannan horo.

Saura batun lokaci, tunda darussan da yawa. Kada ki ware wa adabi rana guda cur a mako, ki ce kin sallame shi. Hermann Ebbinghaus, wani Bajamushe, ya gwada kansa da haddar gaɓoɓi marasa ma'ana, ya wallafa sakamakon a 1885: mantuwa ta fi sauri a awoyin farko bayan karatu, daga nan ta lafa, kuma bitar da aka rarraba a ranaku ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Don haka minti ashirin ko talatin kullum sun ishe ki, kina juya su tsakanin adabi da tarihi da zane. Ki sa su a farkon zama, lokacin da kanki yake sabo, ki bar lissafi ya zo daga baya, tunda shi ko kin gaji za ki yi shi da daɗin rai. Bitar kuma ba sake karantawa ba ce. Rufe littafi, ɗauki farar takarda, rubuta abin da kika tuna na jiya, sannan ki buɗe ki ga inda kika bar rami.

Ki nemi tsofaffin tambayoyin jarrabawa na adabi, ki amsa ɗaya a rubuce duk mako, ki kai wa malaminku ki roƙe shi ya nuna miki wuraren da kika yi da'awa babu hujja. In kin ga dama ki turo nan waƙa ɗaya daga cikin waɗanda ke manhajarku tare da amsar da kika rubuta a kanta, mu bi ta baiti baiti. Allah ya ba da sa'a, ya cika miki burinki.