Tambaya da Amsa: Ba ni da zurfin sanin Littafi Mai Tsarki, yaya zan jagoranci gidana?

Tambaya: Ni magidanci ne mai 'ya'ya uku. Ina ciyar da iyalina, ina biyan kuɗin makaranta, amma karatun Littafi Mai Tsarki da addu'ar dare na bar wa uwargida, domin ta fi ni sani. Kwanan nan babban ɗana ya ƙi zuwa sujada, ya ce ai ni ma ba kullum nake zuwa ba. Shin wahalar da nake sha a kansu ba ta isa ba?

Amsa: Ɗan'uwa a cikin Almasihu, ɗawainiyar da kake yi abin yabo ce, domin Manzo Bulus ya tsawata wa wanda bai kula da danginsa ba a 1 Timoti 5:8. Amma maganar ɗanka ta taɓa ni ƙwarai, gama ba gardamar tauhidi ya yi da kai ba. Abin da idonsa ya gani ya faɗa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A ganina, ƙarancin sani ba shi ne matsalar ba. Eli firist ne a Shilo, ya san shari'ar Ubangiji, amma hukunci ya sauko a kan gidansa saboda 'ya'yansa Hofni da Finehas sun yi ta aikata mugunta, shi kuwa bai hana su ba, kamar yadda 1 Sama'ila 3:13 ta nuna. Ayuba kuma, ba a ba mu labarin wa'azin da ya yi wa 'ya'yansa ba; abin da aka faɗa mana shi ne yakan tashi da sassafe ya miƙa hadaya domin kowannensu, kuma haka ya riƙa yi kullum. Abin da yara suke riƙewa ke nan: sun ga mahaifinsu ya durƙusa gaban Allah, sun ji ya ambaci sunayensu a addu'a, sun ga ya ƙi yin ƙarya a ranar da ƙarya za ta fisshe shi, sun kuma ji ya nemi gafarar mahaifiyarsu bayan ya ɗaga mata murya. Wannan na ƙarshe ya fi yi wa maza wuya, amma shi ne ya fi shiga zuciyar yaro.

Kada ka raina aikin uwargida, gama bangaskiyar Timoti, abokin aikin Bulus, ta fara ne daga kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki. Duk da haka, a Afisawa 6:4 ubanni aka kira kai tsaye, aka ce kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi, sai dai su goye su da horo da gargaɗin Ubangiji. Saboda haka kada ka tilasta wa yaron da tsawa ko bulala.

Ka kira shi ku zauna ku biyu, ka gaya masa cewa abin da ya lura da shi gaskiya ne, kuma za ka gyara. Da dare ka zauna tare da su, ka karanta 'yan ayoyi daga Bisharar Markus, wadda ta fi sauran gajarta, uwargida ta taimaka da bayani, kai kuma ka rufe da addu'a. Ranar Lahadi ka riga kowa shiryawa, ko yaron ya biyo ka a makon farko ko bai biyo ba.