Dashe a Fadama: Ambaliya Ta Ci Rabi, Rani Ya Ƙarasa

Wani manomi daga wajen Wurno ya ce ya dasa mangwaro da darbejiya a fadamarsa cikin Yuli. Ruwan Gulbin Rima ya kwanta a kansu mako biyu, rabi suka mutu, sauran kuma suka bushe kafin Afrilu. Yana tambaya, ina aka yi kuskure?

Malam, ka yi dashe da kalandar tudu a ƙasar fadama. Saiwa tana numfashi. In ruwa ya kwanta, iska ta ƙare a cikin laka, sai saiwar ta ruɓe, ganye ya yi rawaya kamar mai jin ƙishi. Dashen da kansa ya leƙo bisa ruwa yakan jure, amma wanda ruwa ya shanye baki ɗaya da wuya ya tashi. Darbejiya ma ba ta son kwanciyar ruwa ko kaɗan. A kwari, nemi giyayya, bagaruwa ko bishiyar turare. Mangwaro ka kai shi gefen tudu.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne waɗanda suka tsira daga ambaliyar. Dashen da ya sha ambaliya yakan fito da guntuwar saiwa a sama-sama. Da ruwa ya janye, hunturu ya busa, laka ta tsage ta tsinke ƙananan saiwoyi, danshi kuma yana ta nutsewa ƙasa, saiwa ba ta cim masa ba. Zafin Maris da Afrilu, da kan wuce digiri 40 a Sakkwato, ƙarasawa kawai ya yi.

Ka jira ruwa ya sauka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ka dasa ƙasa na da danshi, a kan tulin ƙasa mai tsayin gwiwa. Rufe gindin da kara ko buntun shinkafa. Ban-ruwa a ƙoshe sau ɗaya ko biyu a mako ya fi yayyafi kullum, don yayyafi kan riƙe saiwa a sama. Ka kasa kunne ga sanarwar sakin ruwan madatsar Goronyo da ke kan Gulbin Rima, duk wanda ya ga ambaliyar 2010 ya san dalili.

Wani kuma ya tambayi me ya sa irin bagaruwa ya ƙi tsira masa. Ɓawonsa ne mai tauri. Zuba masa ruwan zafi, ya kwana a ciki, sannan ka shuka. In ya fito, yi masa shingen ƙaya, don awaki da rani ba sa barin kore.